Murhun da Baba Ya Hana Mu Taɓawa

Shekara bakwai ke nan da muka kai mahaifina, Baba Yakubu, makwancinsa a bayan majami'ar ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Kagoro. Na san mai rubutu a irin wannan shafi yakan jera kyawawan halayen mamaci ne ya rufe da addu'a. Masu karatu su gafarce ni, ni dai da ƙorafi na zo, kuma a kan murhu ne.

Baba kuku ne. Ya yi wa turawan mishan girki tun yana saurayi har furfura ta fito masa, da suka tashi komawa ƙasarsu sai suka bar masa murhun ƙarfen da ya tsufa a gabansa. Sai da majiya ƙarfin ƙauye suka taru kafin aka kawo shi gida. Yana da wurin zuba itace, da tanderun gasa burodi, da tankin ruwan zafi a gefe, da bututun da ke fitar da hayaƙi ta saman kwano. Baba ya jingina shi da bangon ɗakin mahaifiyata, Mama Saratu, wadda ta daɗe tana fama da sanyin ƙashi da ciwon ƙirji. Duk wanda ya san yankinmu ya san sanyin da ke gangarowa daga dutse a tsakiyar damina, da wanda ke zuwa gab da Kirsimeti. A gidanmu, in an gama tuwon yamma, bangon nan yakan riƙe ɗumi har gari ya waye.

Sai dai Baba ba ya yarda kowa ya taɓa murhun. Bayan girbi kowace shekara yakan rufe ƙofar kicin, ya kwance shi, ya kankare baƙin hayaƙin bututu, ya kwaɓa wani abu da yumɓu da toka ya liƙe duk inda ya tsage. In na leƙa sai ya ce, "Rifkatu, je ki yi karatunki." Ƙanena Bulus kuwa ya taɓa shan ranƙwashi don ya ɗaga murfin tanki. Kuɗin gyaran shekara bai wuce 'yan sulallan da yake ba wani abokinsa a loko, wurin gyaran jiragen ƙasa a Kafanchan, ya yanko masa noti ko ƙusa ba. Bai ga naira ba ma, Ubangiji ya kira shi kafin a canza kuɗi.

Bayan rasuwarsa murhun ya ɗan yi mana kara. Daga baya hayaƙi ya fara dawowa cikin kicin, ragar da itace ke kwanciya a kai ta cinye, farantin sama ya tsage. Ni malamar firamare ce a Kafanchan, don haka ni na ɗauko farantin a mota na kai wa Malam Sani mai walda a bakin kasuwa. Ya ƙwanƙwasa shi, ya girgiza kai.

"Malama, irin wannan ƙarfen ba ya jin walda. In na ɗinke yau, wuta na taɓa shi zai buɗe. Kada in ci kuɗinki a banza."

Na gode masa, na nemi wani. Na biyun bai yi mini wannan bayanin ba. Ya karɓi naira goma sha biyu, ya yi ɗinki mai kyan gani, ko wata bai yi ba tsagar ta dawo har ta fi ta da tsawo. Sai aka haɗa ni da wani ɗan kwangila mai gyaran gidajen ma'aikata. Ya zo ƙauye a kan sabon babur, Mama ta yanka masa kaza, ya zagaya murhun yana taɓe baki, ya ce kayan sai an aiko daga Jos. Ya karɓi rabin albashina na wata, ya kuma cire bututun hayaƙin wai zai kai a auna. Ban sake ganin ƙeyarsa ba. Garin neman gira muka rasa ido: ga murhu a mace, ga rami a kwano ruwa na zuba.

Ina yawan tambayar kaina me Baba zai ce da wannan zamani. An ce kuɗi ya shigo ƙasa, an ƙara wa ma'aikata albashi, kowa ya zama ɗan kwangila. Amma nemi wanda zai zauna ya gyara tsohon abu, sai ka sha yawo. Duk wanda na tuntuɓa amsarsa ɗaya, "Ki sayi sabo mana." In ba ƙira, me ya ci gawayi? Bulus, da yake aiki a Kaduna, ya aiko wa Mama hita ta lantarki a cikin kwali mai kyau, ya manta ko turken waya babu a ƙauyenmu. Tana nan an lulluɓe ta da ƙyalle, a kanta Mama ke ajiye Littafi Mai Tsarki. Na sayi risho, yana dafa abinci in an dace da kananzir, amma ba ya ɗumama bango.

A watan Agustan bara aka jera kwanaki ana ruwa. Sanyi ya ishi Mama, ta shigar da kaskon gawayi ɗaki, ta toshe taga da tsumma. Da safe maƙwabciyarmu Mama Laraba ta biyo mata su tafi zumuntar mata, ta tarar da ita a ƙasa, ga amai, ba ta iya ɗaga kai. A asibiti aka ce mana gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji wari ba. Ta tashi, mun gode wa Ubangiji. Amma a bakin gadon nan na kasa riƙe bakina.

"Mama, da Baba ya nuna mana yadda yake yi, da ba mu zo nan ba. Me ya sa ya tafi da abinsa?"

Ta dube ni da idon marar lafiya ta ce, "Shi wa ya nuna masa? Bature bai koya masa komai ba. Ɓatawa ya yi ta yi har ya iya. Ke ba ki da hannu ne?"

Na ji haushin maganar, don har yau ina ganin ba ta wanke Baba ba. Wanda ya sha wuya ya gano hanya, ai bai kamata ya bar 'ya'yansa su sake sharar daji ba. Duk da haka, da hutu ya zo na koma ƙauye. Wani maƙeri a Zonkwa ya naɗa mini bututu daga tsohuwar ganga, ya ƙera raga. Mama Laraba, da yake tana ginin tukwane, ta taya ni kwaɓa yumɓu da toka da garin fasasshen kasko. Kwaɓin farko ya zube, na gaba ma haka. Daga baya muka dace da wanda ya kama, muka liƙe tsagar farantin da shi.

Yanzu murhun yana ci, amma ba kamar da ba. Tanderun ya mutu ke nan, ruwan tanki ba ya wuce ɗumi-ɗumi, in iska ta juyo kuma sai ido ya yi hawaye. Abin da na kashe a 'yan shekarun nan ya ninka abin da Baba ya kashe a kansa duk tsawon ransa.

In na auna abin da ya bari, ƙarfen dai yana kan ƙarewa, sirrin kwaɓinsa kuma ya bi shi kabari. Abin da ya saura shi ne mutum ne da ya ƙi yarda matarsa ta kwana da sanyi, ya kuma tsaya a kan haka shekara da shekaru ba tare da ya taɓa faɗa da baki ba. Wannan nauyin ne ya sauko kaina, ko na so ko ban so ba. Ubangiji ya ba shi hutawa.

Ranar da muka sake hura wutar, na riƙo Mama na kai ta ɗakinta. Ta ɗora tafin hannu a bango. Sannan ta ce, "Ya yi ɗumi." Ta leƙa kicin ta ƙara da cewa, "Amma ubanki ba ya barin toka a ƙasa haka. Je ki ɗauko tsintsiya."