Duk inda ƙarfe ya taɓa Yaya Dije

Shekara talatin da ɗaya ke nan da muka binne yayata Dije a Badaguishiri, kuma wallahi har yau in na ga wanzami rataye da zabira sai raina ya ɓaci. Ba shi kaɗai nake jin wa haushi ba. Ni ma ina cikin masu laifi.

Dije manomiyar albasa ce. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya guda, Rabi. Ita ke ban ruwa, ita ke kai buhu kasuwa. Wani rani ƙaya ta karce ta a ƙwauri, wurin ya kumbura, ya yi zafi. Aka yi abin da aka saba, aka kira wanzami ya tsaga, ya kafa ƙaho don ya zuƙe mugun jini. Cikin kwana huɗu kowace tsaga ta zama gyambo. Aka ce jinin ne bai gama fita ba, aka sake tsagawa. Da abin ya ƙi, aka yi mata sakiya da ƙarfen da aka gasa a wuta.

Ni a lokacin malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Illela, ina ji da kaina ƙwarai. Na zo na yi wa kowa tas, na ce jahilci zai kashe mini 'yar'uwa, na kai ta wani ɗakin shan magani. Majo, babban mai jinya na wurin, ya duba ya ce sai an kankare ruɓaɓɓen nama. Duk sati ana kankarewa, duk sati gyambon na ƙara faɗi.

Rannan ta riƙe mini hannu ta ce, "Mushe," haka take tsokanata da "monsieur" ɗin da 'yan makaranta ke kirana, "ba ka gani? Duk inda ƙarfe ya taɓa ni, nan ciwon ke tsirowa. Ku bar mini ƙafata ta huta."

Na ce, "Yaya, tsakaninki da majo, wa ya yi karatu?"

Haka na faɗa mata, Allah ya gafarta mini. Kuma ni da hannuna na danne mata gwiwa aka ci gaba. Da damina ta faɗi, zazzaɓi ya shige ta ta wannan gyambo, ta cika.

Bara Rabi, wadda ke aure a Dogarawa, ta kira ni tana kuka. Lauje ya yanke ta a ƙafa, wurin ya kumbura ya ɓarke, dangin mijinta har sun aika a kira wanzami. Ta ce, "Kawu, na tuna maganar Inna. Na ce musu ba mai taɓa ni sai ka zo." Ban ko tsaya sa hula ba na nufi tasha.

Na ɗauko ta muka wuce asibitin Tahoua, inda wata matashiyar likita ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Ta ce fararen ƙwayoyin jini su ke rugawa duk inda aka ji ciwo don su kashe cuta, kumburi da zafin nan aikinsu ne. A cikin kowace ƙwaya akwai umarnin da muka gado, wanda jiki ke buɗewa yana rufewa: wani na cewa ku afka, wani na cewa ya isa haka. A jikin wasu mutane na biyun ne ba ya zuwa a kan kari. Kamar ka buɗe wa fangalin albasa ruwa ne ka kasa toshewa. Sai ƙwayoyin su koma cin naman mai su, kuma kowane sabon yanka kira ne gare su su ƙaro. Ta hana a kankare, ta ba da maganin da ke lafar da su. Wata uku Rabi ta taka ƙafarta.

Na tambayi likitar ko maganin sabo ne. Ta ce a'a, tun kafin a haife ta ake ba da shi. Nan na ji kamar in yi ihu.

Ban ce majo ya san zancen ƙwayoyin gado ba, kuma wanzami abin da ya gada yake yi. Amma haba jama'a! Sau nawa za ka yi abu ka ga ya ƙara lalacewa kafin ka tsaya? Da Dije na nan ta ji wannan likita, na san dariya za ta yi ta ce, to Mushe, da Faransanci ya kamata in faɗa maka? Abin da ke ƙona mini rai, har gobe a garuruwanmu mara lafiya na faɗin abin da ya gani a jikinsa ana ce masa yi shiru, musamman in mace ce da ba ta shiga aji ba.

Lambun Dije ya daɗe da komawa hannun wasu, ko hotonta ba mu da shi. Abin da ya rage shi ne maganar da ta yi a kan gadon jinya. Ni mai karatu na watsar da ita, ɗiyarta mai shekara tara da ke raɓe a bakin ƙofa ta adana ta shekara talatin, ta ceci ƙafarta da ita.

Yaya, kin tambaye ni ko ban gani ba. Na gani, raina ki na yi.