Abin da Maman Inusah Ta Je Tambaya a Kotu

Memunatu maƙwabciyata ce a unguwar Lewisham ta Landan, ƙofofinmu na kallon juna. 'Yar zangon Kumasi ce, tana sayar da shinkafa da wake a bakin kasuwa. Ba ta iya ganin mutum da yunwa. Shekarar da mijina Malam ya rasu, ita ta riƙa ciyar da ni har na fita takaba.

Ɗanta tilo, Inusah, ya shiga sojan Ingila. Suna atisaye a wani bariki ya yanke jiki ya faɗi, bai tashi ba. Bayan an yi masa sutura aka ce za a zauna gaban korona, wato alƙalin da ke bin diddigin yadda mutum ya rasu. Sai da shekara ta zagayo sannan aka kira zaman. Ni na raka ta.

Lauyoyi suka yi ta ja-in-ja. Ashe sojojin da ke wurin sun riga sun ba lauyoyin runduna labarin komai. Lauyar Memunatu ta ce a fito da shi. Su kuma suka ce maganar lauya da wanda yake karewa sirri ce, doka ta rufe ta.

Memunatu ta raɗa min, "Hajiya, ni ba ruwana da wa ya yi latti wurin kai masa ɗauki. Yarona ya samu mai tuna masa kalmar shahada, ko haka ya tafi?"

Da ta ji cewa sojan da ya fara kai masa ɗauki, wani Rwang, yana cikin shaidu, washegari ta cika kula da abinci. A wurinmu ai wanda ya tsaya a kan mamacinka, gode masa ake yi. Tana dosar yaron a baranda ma'aikaciyar kotu ta tare ta, wai ba a magana da shaida, balle ba shi abinci. Rwang ya sunkuyar da kai.

Korona, wadda mace ce, ta yanke cewa sirrin lauyoyi yana nan a rufe. Memunatu ta ciro carbi tana ja. Amma aka ce shaida zai yi magana da bakinsa, kuma dangi na da damar tambaya.

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta yi tambayarta da Hausa. Kafin tafinta ya buɗe baki Rwang ya amsa, da Hausar Jos.

"Mama, sannu da haƙuri. Kansa a cinyata yake. Ni Kirista ne, amma cikin Musulmi na tashi, na san abin da ake faɗa. Na faɗa masa a kunne, na yi ta maimaitawa."

"Ya amsa, ɗana?"

"Na yi rantsuwa, ba zan ƙara komai ba. Ban ji muryarsa ba. Leɓensa dai ya motsa."

Tafinta ya juya wa korona da Turanci, ita kuma ta ajiye biro. Ta tambayi Memunatu ko da saura.

"Babu," in ji ta. "Allah ya yi wa uwarka albarka, Rwang."

Ta zauna, ta kama hannuna gam. A jirgin ƙasa na komawa gida barci ya ɗauke ta a kafaɗata, har muka wuce tasharmu. Ban tashe ta ba.