Baba Istifanus Mai Kai Fata Rana

Idan ka ga Baba Istifanus ya saɓa fata a kafaɗa ya nufi ƙofa, to wani ya shiga uku. A masana'antar jima da muke aiki a Challawa kowa ya san haka. Shekara ashirin da tara ke nan yana sauka daga keke kafin bakwai, ya sha kokonsa a bakin get, ya kama teburin tantance fata. Fitilu sun cika ɗakin, amma bai yarda da su ba. Duk fatar da ya yi shakkarta, sai rana ta gan ta.

Bara a kaina abin ya faɗo. Ni ne mai fesa launi. An kawo fatun awaki duk karcen ƙaya, mota na jira, sai na lafta launi na rufe tabon. A hasken fitila lumui. Baba ya ɗaga ɗaya a rana, ga zane ɓaro-ɓaro.

"Lawal, amarya kake wa kwalliya?"

'Ya'ya shida gare ni, kuma manaja ya riga ya ja mini kunne sau ɗaya. Na ce, "Baba, don Allah ku rufa mini asiri."

Ya ce, "Taho dai."

A ofis ya faɗi abin da na yi, bai rage komai ba. Sannan ya ƙara da abin da ba wanda ya sani: shi ma guda uku sun wuce shi kafin ya lura. "In kora ce, Yallaɓai, mu biyu ne." Manaja ya yi tsaki, ya ce mu ɓace masa da gani. Kwana biyu muna sake ware fatun, Baba na kirana mai kwalliya.

Daga baya na tambaye shi me ya kai shi tona kansa. Baba Kirista ne. Ya ce fastonsu ya taɓa bayyana musu cewa a harshen Girka da aka fara rubuta littafinsu, kalmar sahihanci tana nufin abin da aka duba a rana ba a sami algus ba. Haka Allah ke son zuciya, in ji shi, ba don idon mutane ba. Na ce ai mu ma muna da ikhlasi. Ya yi dariya: "To me ya kai ka lafta launi?"

Baba, ku ne kuka faɗi gaskiya a kaina kuma kuka tsaya a gefena. Yarana suna makaranta yau, kuna da hannu a ciki. Na gode, Allah ya ƙara lafiya. 'Yan uwa ma'aikata, mu ɗauki wannan hali tun yana tare da mu.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Har yau ba a faɗa mana wanda zai gaji teburinsa ba.