Tukuicin Maman Giresi

Ranar wata Laraba ce, kwana goma bayan ƙaramar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, wata a-kori-kura ta tsaya a lungunmu na Ƙofar Marusa ta fara sauke kaya a gidan da ke kallon namu. Muna tsakiyar 'yar gala-gala muka watsar, muka jeru jikin katanga. An sauke katifu biyu, da wani turmi mai faɗin baki ba irin namu ba, da kwalayen littattafai, da doguwar ganga. Daga gaban motar wani siririn mutum mai tabarau ya fito, sai matarsa, doguwa, da ɗaurin ɗankwalin da ya fi kanta girma, tana riƙe da 'yarsu ƙarama, Giresi. Ta dube mu ta ce, "Sannu da aiki," alhali ba aikin da muke yi sai sa ido. Muka tuntsire da dariya, ita ma ta taya mu.

Kafin magariba labari ya gama unguwa. Fasto ne, cocinsu ya turo shi daga can kudu, bakin teku, ya zo ya kafa majami'a a Katsina. Manya suka taru a zauren mahaifina, Malam Sada tela, wanda ba shi da sarauta amma ana jin maganarsa. Wasu suka ce a sa mai gidan ya sallame su tun ba su kwance kaya ba. Baba ya ce a fara jin ta bakin mutumin. Faston ya zo, ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, ya ce rumfar ibadarsa tana can bayan gari, domin mutanensu ma'aikata da 'yan kasuwa, da duk baligin da ya kai kansa. Ya kuma yi alkawari a gaban kowa cewa ba zai yi wa yaron unguwa wa'azi ba, ba kuma zai ba shi ko takarda ɗaya ba. Baba ya ce, "Baƙo ne, kuma maƙwabci. Ni na tsaya mashi." A kan wannan alkawari suka zauna, a kansa kuma Baba ya ɗora mutuncinsa.

Matar, Maman Giresi muke ce mata, ba ta yi wata guda ba ta zama 'yar gidanmu. Da hantsi, idan maza sun fita, sai ta shigo da kujerarta 'yar tsugunno ta zauna kusa da Inna, tana taya ta tsinke zogale, tana tambayar sunan kowane abu. "Yaya" take ce wa Inna. Ta koyi surfe har hannunta ya yi kanta, ta koyi ɗanwake bayan ta narkar da tukunya biyu, Inna tana dariya har da hawaye. Ita kuma ta daina sayen nama ko'ina sai wurin mahaucin unguwarmu, don kada mu yi ƙyanƙyamin girkinta. Lokacin da ƙanena ya yi ƙyanda, tare suka yi jinya. Ban taɓa jin sun yi gardamar addini ba. In aka kira azahar Inna ta tashi alwala, Maman Giresi sai ta karɓi muciya ta ci gaba da tuƙi.

Ni ce mai kai kwano. Akwai wata samira mai jajayen furanni da ba ta da aiki sai tsallaka lungun nan: ta tafi da dambu, ta dawo da teba da miyar agushi. Inna ce ta koya wa Maman Giresi cewa a nan ba a sallamar ɗan aike hannu wofi, dole a ba shi tukuici, in ba haka ba a yi da mutum a gari. Ta riƙe wannan kamar karatu. Kullum da alewa ko biskit, har 'yan'uwana suka fara yi mini baƙin ciki, ni kuwa na riƙa hura hanci.

Amma idona ba a kan alewa yake ba. A teburin falonsu akwai wani ɗan littafi na Giresi mai hotuna masu launi, a bangonsa wani makiyayi ya saɓa ɗan rago a wuya. Littattafanmu na makaranta duk baƙi da fari ne, rabinsu ba bango. Wata rana da na kai kunun tsamiya, ta laluba gwangwanin alewa ta tarar ya ƙare. Sai na nuna littafin. Ta girgiza kai, ta ce wannan na coci ne, Baba ba zai so ba. Ni kuwa da wayona na 'yar shekara tara na san inda zan kama ta. Na ɓata fuska na ce a garinmu in ɗan aike ya nuna abu ba a hana shi, babban abin kunya ne, kuma Inna za ta ji haushi. Ƙarya ce tsagwaronta, ba wata al'ada haka. Amma ita da ta shekara tana taka-tsantsan kada ta taka al'adarmu, ina za ta sani? Ta daɗe tana juya littafin a hannu, sannan ta miƙo mini ta ce, "Ki nuna wa Yaya tukuna. In ta ce a'a, ki maido."

Ban nuna ba. Na cusa shi a jakar Islamiyya, ina leƙa hotunan a bayan ɗaki lokacin da ya kamata ina wanke-wanke. Kwana huɗu ya yi a wurina. A na biyar, muna rige-rigen shiga aji, jakar ta zube a gaban malaminmu da yara kusan duk na unguwa. Bayan la'asar sai ga ni a zaure, manya sun cika shi, littafin yana kan keken ɗinkin Baba, kusa da bulala.

Baba ya ce, "Bilki, mi ne ne wannan? Wa ya ba ki?" Na dubi bulalar, na ce Maman Giresi ce ta ba ni, kuma ta ce in ɓoye kada kowa ya gani.

Aka kira ta da mijinta. Aka maimaita mata abin da na faɗa. Ta dube ni, ta dubi bulalar, ta sake dubana. A lokacin Hausarta ta isa ta wanke kanta sarai, na sani, don ni ce nake gyara mata ita. Sai kawai ta durƙusa ta ce, "Baba, ni na ba ta. Laifina ne. Kada a doke ta." Mijinta ya cire tabarau ya sunkuyar da kai. Baba bai ɗaga murya ba, ya ce, "Fasto, na tsaya maku a gaban mutanen nan, kun ba ni kunya."

Ba a doke ni ba. Kafin ƙarshen wata suka tashi, daga baya muka ji cocinsu ya mayar da su gida, wani ya karɓi rumfar. Samirar tana gidansu lokacin da abin ya faru, Inna kuma ba ta da fuskar aikawa a karɓo. Ranar tafiyarsu aka tsince ta a bakin zaurenmu, an wanke ta fes, a ciki akwai alewa uku. Inna ta shige ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Baba kuwa har ya koma ga Allah bai sake tsaya wa wani baƙo ba, kuma har ya rasu bai san gaskiya ba, don ban taɓa samun ƙarfin zuciyar gaya masa ba. Wannan yana cina har gobe.

Inna ce na gaya wa gaskiyar, bayan na haifi 'yata ta biyu. Sai ta ce, "Na san ba za ta ce ki ɓoye ba, ɗiyata. Taku goma ne tsakaninmu, ni ma ban tsallaka na tambaye ta ba."

Yanzu ina zaune a sabuwar unguwa ta wajen GRA, kowa da doguwar katangarsa da ƙofar ƙarfe. Maƙwabciyata ta hagu Kirista ce, shekara shida muna gaisawa ta gilashin mota, ba kwanon da ya taɓa tsallakawa, 'ya'yana ma ba su san tukuici ba. Samirar tana nan a kabad ɗina, furanninta sun koɗe. Ban san garin Maman Giresi ba, ban ma san sunanta na yanka ba, balle in nemi gafararta. Ta zo garinmu ne da niyyar koyar da mutane, muka koya mata surfe da gaisuwa, ni kuma na koya mata al'adar da babu ita. Alewar nan uku, ni ta bar wa.