Bayan Gaisuwa Ta Ƙare

Muna yara a Tudun Wada, in sanyi ya shigo, kakarmu Iya Mamu takan ja garwashin da ya rage a murhu ta zuba a kasko, mu kewaye ta bayan magariba. Tana gasa mana dankali, tana juya shi da yatsu kamar wuta ba ta san ta ba. Sai ta gyara murya ta ce, "Ga wata nan tahe gare ku." Mu ce, "Ta iso, muna ji."

Tatsuniyar da ta fi zama a raina ita ce ta kurciyar da fiffikenta ya karye, ta rakuɓe gindin tsamiya a bakin hanya. Kowace safiya Zomo zai wuce a guje: "Kurciya, an kwana lahiya?" Ta ce, "Lahiya lau." Gizo ma haka, har yana yawo yana cewa duk dajin babu mai zumunci irinsa. Kurciya kuwa kullum ramewa take yi.

Ran nan sai ga Kunkuru. Ya tambayi gida, ya tambayi sanyi, ya tambayi gajiya, duk ta ce lahiya lau. Gaisuwa ta ƙare ƙaf, amma shi ko inuwar tsamiyar bai fita ba. Shiru ya yi musu yawa. Can sai Kurciya ta ce, "Sai dai fiffiken nan..."

A nan Iya Mamu kan nuna mu da tsinken tona wuta. "Kada ku ce Kunkuru ya hi su kirki. Sauri ne bai da shi. Mutum ba ya hwaɗin ciwonshi sai gaisuwa ta ƙare." Mu dai dariyar tafiyar Kunkuru muke yi, hankalinmu na kan dankali.

Na girma, na haifi nawa, na ɗauka ni mai zumunci ce. Goggo Hajo, ƙanwar babanmu, ita kaɗai take zaune a ɗakinta kusa da Hubbare. Duk Juma'a nakan leƙa ta, ɗan kabu-kabu yana jirana a ƙofa a kan babur ɗinsa. Mu gaisa, ta ce lahiya lau, in ji sanyi a raina, in koma.

Daminar bana, ruwa ya tsare ni a ɗakinta. Gaisuwa ta ƙare, muka yi shiru. Ta ɗauko fura za ta zuba mini, sai na ga tana kwarara a kan tabarma, gefen kofin, ita kuwa tana ta murmushi.

Na ce, "Goggo, idonki ne? Tun yaushe?"

"Tun kahin azumin bara."

"Ai kullum ina tambayar ki!"

Ta yi 'yar dariya. "Kina tambaya, ɗiyata. Da ƙahwa guda cikin takalmi."

Mun kai ta asibiti. Likita ya ce na dama zai gyaru, na hagu kuwa an makara. Abin da ke cina shi ne, ko ranar ma ba kirkina ne ya zaunar da ni ba, ruwa ne.

Yanzu in na isa ƙofarta, sai in sallami ɗan kabu-kabu, in tuɓe takalman duka biyu. Shekaranjiya muka gaisa har muka gaji. Na yi shiru, ita ma ta yi. Can sai ta ce, "Sai dai gwiwar nan..."