Rabon Inna Hajo a Maganin Balkisu

Har na bar aikin nan ba zan manta da Talatar da Sista Ladi ta kira ni ofis saboda Balkisu ba. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciyar jinya a sashen yara masu ɗauke da cutar HIV a wani asibiti a Argungu, ita kuma Sista Ladi ce shugabarmu.

Tsarin aikin shi ne, duk wata mai kula da yaro zai kawo shi mu auna nauyinsa, mu ba da maganin wata guda, mu kuma duba robar maganin watan da ya gabata mu ga ko an sha. Bayan wasu watanni sai a ɗebi jini a ga ko cutar ta lafa.

Balkisu shekararta shida, iyayenta sun rasu, kakarta Inna Hajo ke kawo ta daga Gulma. Ba ta taɓa saɓa rana ba, robar kuma kullum wayam, har wanke ta take yi. Da ita nake ba sauran iyaye misali. Sai ga sakamakon jini ya nuna cutar ƙaruwa take yi. Sista ta ce in gano dalili kafin a kai ga canja wa yarinyar magani zuwa mai wuyar sha.

Na tambayi Inna ko tana ba da shi kullum. Ta rantse ba ta fashi, sai in ya ƙare. Na ce yaushe yake ƙarewa? Ta ce tsakiyar wata, sai su jira ranar da aka rubuta a kati, don ba ta son ta ɓata mana tsari.

Na ɗebo ruwa a kofi, na miƙa mata sabuwar robar magani na ce, “Inna, gwada min yadda kike ba ta.”

Ta ciro ƙwaya biyu, ta yi bismilla ta jefa ɗaya a bakinta ta haɗiye, sannan ta miƙa wa Balkisu ɗayar.

“Ɗiyata, ba ta sha sai ta ga na sha,” in ji ta. “To mi zan yi? Kuma wallahi tun da na hwara, gwiwar ga tawa ta bar ciwo.”

Sista Ladi ta juya baya kamar tana neman fayil, kafaɗunta na rawa. Da ta gama sai ta zauna ta yi wa Inna bayani a hankali cewa kowace ƙwayar da ta haɗiye, kwana guda ne yarinyar za ta yi babu magani. Nan murmushin Inna ya ɗauke, ta jawo Balkisu jikinta.

Muka ba Inna jar ƙwayar ƙarin jini ta riƙa sha a gaban yarinyar, muka shaida wa Balkisu cewa ja ta tsofaffi ce, fara, wato maganinta, ta 'yan mata. Yarinyar ta amince. Inna ce dai ta nemi a tabbatar mata jar ma tana aikin gwiwa. A gwajin da ya biyo baya cutar ta lafa sosai.

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuka zo aikin nan yanzu: mai riƙon yaro ba kasafai yake yi maka ƙarya ba, iyakar abin da ka tambaya zai amsa. Ku daina tsayawa a “kina ba shi?” Ku miƙa kofin ruwa ku ce a gwada muku.