Jan Zaren Laimar Majid

Duk wanda ya san unguwar Mansur ya san shagon Idris tela, tsakanin mai tsire da mai gyaran waya. A Makka aka haife shi. Kakansa ne ya taso daga Kano aikin Hajji, ya sauke farali ya ce komawa gida sai baɗi, baɗin da har yau ba ta zo ba. Da mahaifinsu ya rasu, Idris ya gaji keken ɗinki, ya gaji ƙaninsa Majid yana ɗan ƙarami. Tun daga rigar makaranta har jallabiyar da Majid ya sa ranar da ya kama aiki a Jidda, babu allurar da ta taɓa kayan yaron nan sai tasa. Yana kuma son a sani. In ka zo karɓar ɗinki ka yi kuskuren tambayar iyali, to nemi wurin zama.

Sai Majid ya tsiri dirowa daga jirgin sama. Mutum da hankalinsa, ƙarshen mako ya yi, ya nufi wani fili a sahara, ya hau ƙaramin jirgi, ya faɗo goye da laima. Idris ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya haɗa shi da dattawan unguwa, duk a banza. Daga baya ya haƙura da dirowar. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne Rayyan.

Rayyan abokin dirar Majid ne, kuma shi aka horar kan ninke laimar ko-ta-kwana, wadda ake ja in babbar ta ƙi buɗewa. Shi ke ninke ta, ya rufe, ya sa mata hatimi. Al'adarsu ce kuma kafin a shiga jirgi kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya a duba shi, daga maɗauri har ɗan fil ɗin ƙarfen da ke riƙe da murfin jakar. Majid ba ya juya wa kowa baya sai Rayyan. A kan cin abinci ma Rayyan ya ce, Rayyan ya hana, hannun Rayyan ba ya kuskure.

Kishi ne ya kama Idris, ba wani abu ba. Ya taɓa ganinsu a bidiyo, Rayyan ya gama dubawa ya bugi kafaɗar Majid, sai da shayi ya fita ransa ranar. Shi da ya goyi yaron nan zuwa asibiti, yau ko maɗaurin jaka ba a yarda ya taɓa ba, an ɗauki rai sukutum an miƙa wa wanda ko wuyan riga bai iya yankawa ba. Matarsa Ummulkhairi takan tsokane shi, ta ce ita dai ba ta ji Rayyan ya buɗe shago a Mansur ba. Sai ya sha kunu.

Wata Juma'a Majid ya zo gidansu a unguwar Ka'akiyya cin abincin rana, ya ajiye jakar laimarsa a falo zai kai mota wajen bakanike. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Yaya, don Allah kada a taɓa."

"To, ɗayyib," in ji Idris.

Motar ba ta gama fita layi ba Idris ya tsuguna gaban jakar. Dubawa kawai zai yi. Ɗinkin maɗauran ya yi kyau, bai so hakan ba. Da ya ɗaga wani ɗan murfi a baya, sai ga abin da yake nema: fil ɗin laimar ko-ta-kwana an ɗaure shi da wani siririn jan zare da ɗan dunƙulen dalma a jiki. Zaren da ko maɓallin rigar jariri shi ba zai sa wa ba. Aikin Rayyan ke nan da ake cika masa kunne da shi! Daɗi ya kama shi har da murmushi. Ya yanke jan zaren, ya ɗauko baƙin zaren da yake ɗinke jakunkunan alhazai da shi, ya naɗe fil ɗin tam, ya ƙulle. Bai faɗa wa kowa ba. So yake wata rana a gani, a tambayi mai aikin.

An kuwa gani. Washegari bayan La'asar Majid ya shigo shago, bai zauna ba, ya ajiye baƙin zaren a kan keke. Ya ce suna gab da shiga jirgi Rayyan ya ɗaga murfin, ya hana shi tashi, aka kwance jakar gaba ɗaya.

"Ƙullinka ne, Yaya. Tun ina firamare na san shi."

Idris ya fara cewa wancan zaren ai ba ƙwari.

"Don ya tsinke aka yi shi," in ji Majid, muryarsa ƙasa-ƙasa. "In babbar ta ƙi, na ja, shi zai tsinke ta fito. Naka ba ya tsinkewa."

Ya yi sallama ya fita.

Har yanzu Majid na zuwa cin abincin Juma'a, har yanzu Idris ke masa ɗinki. Jakar ce ba ta sake shigowa gidan ba, a wajen Rayyan take kwana. Ummulkhairi ta sha cewa ya je ya yi wa bawan Allahn nan godiya. Yakan ce zai je, kuma ya san ya kamata, amma da ya tuna idon Rayyan ne ya gano zaren sai ƙafarsa ta yi nauyi.

Ranar da Majid ya ajiye masa baƙin zaren ya fita, Idris ya ɗauke shi ya naɗe a yatsunsa biyu, ya ja. Ya ƙara ja da iya ƙarfinsa. Zaren ya shige cikin fata har jini ya fito, bai tsinke ba.